Ganyen da Na Rubuta a Takarda

Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da bakwai. A Kibiya ake yin ajin, bayan la'asar, a wani ɗakin makarantar firamare idan yara sun tashi. Daga ƙauyenmu, wanda ke gefen Kahu, a keke nake zuwa. Na yi karatun allo tun ina ƙarami, amma boko ban taɓa riƙe fensir dominsa ba. Watannin farko hannuna ya sha wuya. Hannun da ya saba da ƙotar fartanya ba ya son abu siriri.

A shekarar ce kuma ƙafafun Inna suka fara ƙin ta. Inna mahaifiyata ce, a gidana take zaune tun rasuwar mahaifinmu. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. In za ta kira ni sai ta ce "kai" ko "wannan", ranar da ranta ya yi daɗi kuwa ta ce "maigidan". Sanyin ƙashi ne ya kama ta. Ya fara da gwiwoyi, ya hau zuwa yatsun hannu, ga kuma yana da ta fara rufe mata ido.

Abin da aka san Inna da shi a unguwarmu shi ne soya man shanu. Ranar kasuwa wata Bafulatana da suka daɗe tare takan kawo mata ɗanyen mai a ƙwarya. Inna ta wanke shi da ruwa sau biyu ko uku don sauran nonon ya fita, ta zuba a wata tukunyar ƙasa da ba a dafa komai a cikinta sai mai, ta ɗora a ƙaramin murhu bayan ɗakinta. In ya narke ta yanka albasa, ta daddaka citta da kanumfari ta zuba. Man Inna yakan yi watanni a kwalba bai canza ƙamshi ba. Gidan da aka yi haihuwa sukan aiko a sam musu. Mu kuma shi muke zubawa a miyar kuka, abin da ya kwanta a gindin tukunya ta shafa a gwiwa.

Da tsugunno ya gagare ta, matata ta gwada sau biyu. Matata mace ce mai zafin nama, tana iya tuƙa tuwon mutum ashirin kafin ka gama alwala, amma mai ba ya son irin wannan hannun. Na farko ya ƙone, na biyu ta sauke shi da sauran ruwa, bayan sati biyu ya yi wari. Ita da kanta ta ce min, "Malam, ni ba zan iya zaman gadin tukunya ba, ga aiki na jirana. Kai da ba ka gajiya da zama, je ka Inna ta koya maka."

Haka na koma bayan ɗaki. Nakan shimfiɗa wa Inna tabarma ta jingina da bango ta miƙe ƙafa, ni kuma ina kan kujerar tsugunno gaban murhu. Ba ta ganin tukunyar sosai, da kunne da hanci take aiki. Sai ta ce, "Kai, janye itace ɗaya." Ko ta ce, "Ka taɓa shi da ludayi, kada ka juya, taɓawa na ce."

Ana cikin haka malaminmu na aji ya ba mu aikin gida: kowa ya rubuto yadda ake yin wani aiki da ya sani, daki-daki. Wani ya zaɓi gyaran tayar keke, wani ya zaɓi dashen albasa. Ni na zaɓi man Inna. Na zo da littafina na zauna kusa da ita.

"Inna, minti nawa mai yake yi a wuta?"

"Minti kuma? Mai ya san minti ne?"

"Malam ya ce a rubuta komai da lokacinsa."

"To ka rubuta masa: sai ya daina surutu."

Ta yi min bayani. Ɗanyen mai da ruwa a jikinsa yake zuwa. In ya hau wuta sai ya kama ɓaɓatu, yana tafasa yana kumfa, ruwan ne ke fita. A hankali ƙarar takan ragu har ta koma ɗan tsit-tsit, sannan ta ɗauke. Daga ɗaukewar nan zuwa ƙonewa tazarar kaɗan ce. Wutar kuma, in ji ta, ba a so ta yi harshe har ta lashi gefen tukunya, garwashi ake so da itace biyu. Wanda ya yi gaggawa ya ƙara wuta zai ga man ya yi kyau a ido, amma albasar ta ƙone a waje ba ta ba da abin da ke cikinta ba.

Na ji, amma ban haƙura da minti ba. Rannan na aje wayata a gefe na duba lokacin da muka ɗora da lokacin da Inna ta ce a sauke, na rubuta. Sati na gaba barci ya ɗauke ta a kan tabarma, na ce bari in yi da kaina in ba ta mamaki. Na bi abin da na rubuta sak. Ban yi lissafin cewa man wannan satin ya fi na wancan tsanewa ba, itacen kuma busasshen marke ne mai cin wuta. Ƙauri ne ya tashe ta.

"Wannan, me ka yi?"

"Lokaci bai cika ba, Inna. Saura."

"Agogonka ne bai cika ba. Man ya gama tun ɗazu, ya yi ta jiranka har ya gaji."

Ba ta yi faɗa ba. Ta sa na zuba shi a gwangwani don shafa wa takalman fata. A littafina na soke lambar, na rubuta a ƙasa: a saurara. Malam ya karanta ya ce aikin bai cika ba, amma rubutun ya yi kyau.

Da damina ta kankama ciwon Inna ya tsananta. Sanyin ƙasa da laima ba sa yi mata daɗi. Ta daina tsayuwa a sallah, ta koma yi a zaune, daga baya ruku'un zaune ma sai da nishi. Maganin da aka ba ta a ƙaramin asibitinmu yana taimakawa rabin yini ya sake ta. Inna ba mai kuka ba ce. Abin da take yi shi ne ta kama gefen tabarma ta murɗe, har tabarmar ta tsinke a wajen.

Wata rana muna soya mai ta ce, kamar tana magana da kanta, ita da tana yarinya a Tarai kakarta takan sa wani ganye a cikin man da za a shafa wa tsofaffi. Na tambaye ta sunansa. Ta ce ya ɓace mata. "Ganyen nan dai. Masu magani sun san shi. Yana da ɗan ɗaci."

Na ƙudura zan nemo shi. Ina da taubashi, ɗan kawuna, sa'ana ne, direban motar haya tsakanin Rano da Kano. Inna gwaggonsa ce. Tunda muka taso ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Shi yana ce min bawansa, ni ina ce masa ɓarawon kaji. Na san kullum yana wucewa ta wajen masu sayar da saiwoyi a birni. Da na kira shi a waya na faɗa masa da baki, da babu abin da zai faru. Amma lokacin ina jin daɗin hannuna. Ina so ya buɗe takarda ya ga bawan nasa ya iya rubutu.

Na zauna na tsara. Abin da nake son rubutawa shi ne "ganyen sanyin ƙashi". To, a lokacin ban gama kama harafin nan mai lanƙwasa a ka ba, wanda ake fara rubuta ƙashi da shi. Malam ya taɓa ja mana kunne a aji, ya ce duk wanda ya manta lanƙwasar to ba ƙashin jiki ya rubuta ba, abin da ake yi a bayan gida ya rubuta, aka yi ta dariya. Na tuna wanda zai karanta takardar. Na san in na kuskure, har jikokina sai sun ji labari. Sai na tsallake kalmar gaba ɗaya. Na rubuta:

"Ka sayo min ganye mai kyau a Kano. Zan dafa a mai. Kada ka gaya wa kowa."

Layin ƙarshe na sa shi ne don ba na son maganar zamana gaban murhu ta isa tasha, kuma ina so Inna ta ga ganyen kwatsam. Na ninke na ba wani maƙwabcinmu da zai shiga Rano.

Ranar Asabar bayan an fito daga masallaci sai ga taubashina. Ya shiga ya durƙusa ya gai da Inna, "Gwaggo, ya ƙafa?" Ta ce da sauƙi, ta tsokane shi da cewa tumbinsa ya riga shi shigowa. Da ya fito sai ya yafito ni bayan rumbu. Fuskarsa ba wasa, abin da ban saba gani ba. Ya waiga hagu da dama, ya zaro wani ƙulli a baƙar leda daga aljihun ciki.

"Wallahi ban taɓa zaton ka ba," in ji shi. "Kwana biyu ina tunani kafin in nemo. Yaushe ka fara?"

"Fara me?"

Na kwance ledar. Warin ya ishe ni amsa, don na sha jin sa a bayan tasha inda samari ke laɓewa. Wiwi ce.

"Kai! Ɓarawon kaji, me ka kawo min gida?"

"Abin da ka rubuta mana!" Ya zaro takardata ya buɗe. "Ganye. Mai kyau. A dafa a mai. Kada a gaya wa kowa. Ka je tasha ka karanta wa kowa wannan ka ji abin da zai ce maka. Ganyen zogale ake ɓoyewa?"

Na yi masa bayanin kakar Inna da harafin da na ji tsoro. Ya dube ni, ya dubi takardar, sai ya zauna daɓas a gindin rumbu yana dariya har da hawaye. "Boko ta yi rana," yake cewa. "Bawana ya gudu daga kashi ya faɗa wiwi." Ni ma na yi dariyar, ba yadda zan yi.

Da dariyar ta lafa bai tashi ba. Ya ce ya ga yadda Gwaggo ta riƙe tabarma da ya shiga. Ya sassauta murya ya ce a birni ya ji ana cewa wasu suna dafa abin nan a cikin mai su ba mai ciwo a abinci, wai zafin yakan kwanta mutum ya sami barci. Shi bai taɓa gani da idonsa ba, ji ya yi. Ya fara faɗa min yadda aka ce ana yi, na ce ya isa, ba na so in sani. Ya ce to. Amma da zai tafi bai ɗauki ledar ba, ni kuma ban ce ya ɗauka ba.

Wannan shi ne abin da na daɗe ban gaya wa kowa ba. Na soke ledar a cikin jinkar rumbu, ta kwana uku a wurin. Na san haramun ce, na san in hukuma ta same ta a gidana babu wanda zai saurari labarin harafi. Duk da haka kwana ukun nan ban yar da ita ba. Ina noma ina tunani. Ni ke soya man. Inna ba ta gani. Citta da kanumfari suna da ƙarfin da za su rufe wari. Cokali ɗaya a kan tuwonta na dare, ta kwanta ta huta, ba ta san komai ba, laifin kuma nawa ne ni kaɗai. Har na gaya wa kaina cewa wannan ma ai biyayya ce, ɗa ya ɗauki zunubi don uwarsa ta sami sauƙi.

Ranar Litinin kafin aji na biya ta ƙaramin asibiti don karɓo wa Inna magani. Ma'aikaciyar da ke wurin babbar mace ce, ta san Inna. Na kewaya na ce wai wani ne ya tambaye ni ko za a iya sa wa tsohuwa mai ciwo wiwi a abinci. Ta aje biro ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, ka gaya wa wanin nan kada ya soma. Tsohuwa ce, jikinta ba na saurayi ba ne. Abin da aka ci a abinci ba ya nuna kansa da wuri, kuma ba wanda ya san ƙarfin abin da ya saya a leda. Tana iya ruɗewa, zuciyarta ta yi ta bugawa, ta tashi ta faɗi ta karya ƙugu. Sannan ku zo nan ku kasa faɗin abin da ta ci. Ku kai ta babban asibiti a duba ta sosai, akwai abin da ya fi wanda nake ba ku."

Na yi godiya. Maganarta ta shige ni, amma ba zan yi ƙarya in ce ta gama da ni ba. A aji rannan malam yana koyar da alamar tambaya, ni ban ji komai ba.

Washegari da hantsi Bafulatanar ta kawo mai. Na wanke, na ɗora, na shimfiɗa wa Inna tabarma. Da zan ɗaga ta daga ɗaki ta yi wani ɗan sauti da ban taɓa ji daga bakinta ba, sannan ta ce, "Yi haƙuri, na yi maka nauyi." Na zaunar da ita. Na je rumbu na zaro ledar na sa a aljihu, na dawo gaban murhu. Man ya narke ya fara tafasa. Na yanka albasa. Hannuna na dama yana kan aljihu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Abin da na sani shi ne, duk wanda ya aiko neman man nan yana ci ne ba tare da ya tambayi abin da ke ciki ba, saboda daga hannun Inna ya fito. Ita ma yanzu haka take ci daga nawa hannun. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Inna, akwai maganar da zan yi, kada ki yi fushi."

Na faɗa mata duka: takardar, kuskuren, abin da ɗan ƙaninta ya ji a birni, abin da ma'aikaciyar asibiti ta ce, da kwana ukun. Na ce mata abin yana aljihuna yanzu haka. Wajen maganar harafi ta ɗan murmusa. Wajen sauran ba ta yi ba.

Ta bari na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Da ka zuba?"

"Ban sani ba, Inna."

"To." Ta gyara ƙafarta da hannu biyu. "Kai, saurara. Ciwon nan nawa ne, ba naka ba. Na san yana damunka, ina jin ka kana zagaye ƙofata. Amma ƙafa ta tafi, ido yana tafiya, hannu ya tafi. Abin da ya rage min hankalina ne. Da shi nake sanin raka'a nawa na yi. Da shi nake gane muryar jikokina. Shi za ka ɗauke min a cikin tuwo, ban sani ba?"

Na kasa ɗaga kai.

"Ba na so. Ko da halal ne sai ka tambaye ni, balle ba shi ba ne. In zafin ya fi ƙarfina ni zan gaya maka, sai ka kai ni inda matar nan ta ce." Ta ɗan tsaya. "Kuma ka ce wa wancan mai tumbin ya zo, ina da magana da shi."

A ranar na jefa ledar a masai. Taubashina ya zo ranar Alhamis, ya shiga ɗakin gwaggonsa ya daɗe. Ban ji abin da ta faɗa masa ba, shi ma bai taɓa gaya min ba, amma ya fito yana share gumi, ya ce in shirya ta ranar Asabar zai zo da mota. Shi ya kai mu babban asibiti a Rano, ya ƙi ɗaukar fasinja ko ɗaya, yana tafiya a hankali yana kauce wa ramuka har masu babur suna wuce mu suna yi masa tsiya.

An canza mata magani, an koya wa matata yadda za ta riƙa gasa mata gwiwa da ruwan ɗumi. Ta sami sauƙi, ba duka ba. Ta ƙara shekara biyu da 'yan watanni tare da mu, tana sallah a zaune, kuma har ranar da ta rasu ba ta taɓa rikita sunan jika ko ɗaya ba. Akwai ranakun da zafin ya yi tsanani har na fita daga gidan na tafi gona ba don aiki ba. A irin ranakun nan nakan tambayi kaina ko na kyauta mata. Amsar da nake samu ita ce ba ni aka ba zaɓin ba.

Na sha gaya wa kaina cewa na tambaye ta ne don ban san abin da za ta ce ba. Yanzu da nake rubuta wannan a hankali, kalma bayan kalma, na ga ba haka ba ne. Na san amsarta tun a bayan rumbu, tun kafin taubashina ya tafi. Shi ya sa na yi kwana uku ban tambaya ba.